DA RUWAN CIKI AKE JAN NA RIJIYA: JAWABI KAN ASUSUN KULA DA KAYAN GARI



Maganar yau a kan kayan gari take, da kuma inda za a samo kuɗin kula da su. Idan an ce kayan gari, ana nufin abubuwan da kowa yake amfana da su amma babu mutum ɗaya da zai ce nasa ne. Watau kamar maƙabarta, filin idi, filin makaranta, rumfunan kasuwa, rijiyoyi, madatsar ruwa, burtali da mashayar dabbobi, har da tsofaffin itatuwan ɗorawa da kuka da kaɗanya da ke bakin gari.

Kowane maigida ya san cewa idan damina ta gabato sai ya duba rufin ɗakinsa, ya yi wa katangarsa yaɓe. To, amma wa yake duba katangar maƙabarta? Wa yake yashe madatsar ruwa idan yashi ya cike ta? Wa yake tsayawa idan wani ya ci kunya biyu ko uku daga burtali ya haɗa da gonarsa? Sau da yawa babu kowa. Kowa yana jiran gwamnati, ita kuma gwamnatin jiha tana da ƙananan hukumomi 34 da suke jiran ta.

ABIN DA TARIHIN WANNAN ƘASA YA NUNA

Ƙasar Daudawa ba baƙuwar ayyukan gwamnati ba ce. Tun a shekarun 1920 Turawa suka kafa gonar irin auduga a nan, daga baya kuma aka kawo shirin zaunar da manoma don koya masu noma da shanun huɗa. A shekarar 1975 aka buɗe babban shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa, wanda Bankin Duniya da gwamnatin tarayya da ta jiha suka haɗa kuɗi suka gudanar har zuwa 1980. Shi da na Gusau da na Gombe su ne irinsu na farko a Nijeriya, kuma ƙasashen Faskari da Ƙanƙara suna cikin inda ya shafa. An yi hanyoyin karkara, an gina madatsun ruwa, an buɗe wuraren sayar da taki da iri.

Dattawan da suka ga wancan zamani za su iya ba da shaida kan abin da ya biyo baya. Kuɗin ginawa ya zo daga nesa, kuma da wa'adin shirin ya cika sai ya tsaya. Shi kuwa gyara abu ne na kowace shekara, ga shi ba a bar wa gari wani asusu na kansa da zai riƙa ɗauke wannan nauyi ba. Kwalbatin da buhun siminti kaɗan zai gyara a bana, idan an bar shi damina uku sai ruwa ya tafi da shi, ya haɗa da hanyar. Darasin a nan shi ne, samun mai ginawa ya fi samun mai gyarawa sauƙi.

YADDA WATA JIHA A AMURKA TA ƁULLO WA AL'AMARIN

Wannan matsala ba ta ƙasar Hausa kaɗai ba ce. A ƙasar Amurka akwai wata jiha mai suna Masacusets, wadda babban birninta shi ne Boston, tana da garuruwa da birane 351. Su ma sun ga filayensu suna ƙarewa, tsofaffin gine-ginensu na tarihi suna lalacewa, gidajen zama kuma suna fin ƙarfin masu ƙaramin hali. A shekarar 2000 sai suka yi wata doka ta adana kayan al'umma. Ga yadda take aiki.

Da farko, ba a tilasta wa kowane gari. Mutanen gari ne suke jefa ƙuri'a su ce sun yarda ko ba su yarda ba. Idan sun yarda, sai a ɗora ɗan ƙari a kan harajin gidaje da filaye da suka saba biya, kuma ƙarin ba ya wuce kashi 3 cikin 100 na harajin. Watau wanda harajin gidansa dala 1,000 ne, iyakar abin da za a ƙara masa dala 30. Gari yana da ikon ya yafe wa masu ƙaramin ƙarfi, kuma bayan shekara biyar yana iya sake ƙuri'a ya fita daga shirin idan bai ga amfaninsa ba.

Na biyu, kuɗin ba ya shiga babbar jakar hukuma, asusunsa dabam yake. Doka ta ce a kowace shekara a ware aƙalla kashi 10 cikin 100 don filayen jama'a, kashi 10 don kayan tarihi, kashi 10 don gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Abin da za a kashe wajen harkar ofis kuwa ba zai wuce kashi 5 ba. Kwamitin mutum biyar zuwa tara na 'yan garin shi yake duba ayyuka ya ba da shawara, sannan majalisar gari ta amince.

Na uku, duk garin da ya tara nasa, gwamnatin jiha tana ɗora masa nata a kai. Jiha tana samun wannan kuɗi ne daga ladan da ake biya wajen yin rajistar takardun gidaje da filaye. Garin da bai shiga shirin ba, mutanensa suna biyan wannan lada kamar kowa, amma ko sisin kwabo ba ya dawo masu daga asusun. Wannan ne ya zaburar da garuruwa da yawa, har fiye da rabinsu suka shiga. Birnin Boston kansa ya shiga a 2016, da ƙarin kashi 1 cikin 100.

Akwai kuma abin lura. Daga 2002 zuwa 2007 jihar tana biyan dala a kan dala, wanda ya tara ɗari a ba shi ɗari. Da garuruwa suka yi yawa, cinikin gidaje kuma ya ja baya, sai gudummawar ta yi ta raguwa, har a 2017 ta faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Sai a 2019 majalisarsu ta ƙara ladan rajistar daga dala 20 zuwa dala 50 don a farfaɗo da asusun. Garuruwan da suka tsara ayyukansu gwargwadon abin da ke hannunsu ba su shiga wahala ba, domin nasu kuɗin yana nan yana shigowa kowace shekara.

TSARIN KAWO NAKA A BA KA BA BAƘO BA NE

Kada wani ya ɗauka wannan dabarar Turawa ce da ba ta shafi ƙasar nan ba. A Nijeriya ma an daɗe ana aiki da ita. Dokar ilimi bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don makarantun firamare da ƙananan sakandare, amma jiha ba ta samun kuɗin gine-gine sai ta ajiye nata rabin. An yi shekaru ana ganin biliyoyin Naira suna kwance a Abuja saboda wasu jihohi ba su kawo nasu ba, alhali yara suna zaune a ƙasa cikin azuzuwa.

Haka nan shirin raya al'umma na CSDP, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa daga 2009, Jihar Katsina tana cikin jihohin da suka gudanar da shi. A lokacin da aka gudanar da wannan shiri, jama'ar gari ne suke zaɓar aikin da suke so, su zaɓi kwamitinsu, su kawo kashi 10 cikin 100 na kuɗin aikin, shirin ya cika sauran. Kuma an riƙa karɓar kason nasu ko da kuɗi, ko da yashi da dutse, ko da aikin ƙarfi. Garin da yake da haɗin kai da ɗan abin hannu shi ya riga saura samun rijiyar burtsatse ko ɗakin shan magani. Wanda ya tsaya sai an zo sannan ya fara yawon neman gudummawa gida-gida, sau da yawa kafin ya haɗa an wuce gaba.

Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Duk mai ba da tallafi, gwamnati ce ko wata ƙungiya, tambayar da yakan fara yi ita ce, su mutanen garin me suka tanada?

ABIN DA DOKA TA CE

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a jadawali na huɗu, ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma. A ciki akwai kula da maƙabartu, kasuwanni, tashoshin mota, hanyoyi, magudanun ruwa da filayen jama'a. Har ila yau ya ba ta aikin ƙiyasta gidajen mutane domin karɓar kuɗin gida, bisa ƙa'idar da Majalisar Dokokin Jiha ta tsara. Dokar filaye ta 1978 kuma ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallakar fili a karkara. Game da makiyaya kuwa, tun 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu na asusun tarayya kai tsaye.

Abin da wannan yake nufi shi ne, kula da kayan gari da karɓar kuɗin gida duk a wuyan hukuma ɗaya suke, saura kawai a ɗaure su da igiya ɗaya. Amma a lura da kyau, babu dagaci ko mai unguwa ko ƙungiyar gari da ke da ikon ɗora wa mutane haraji da ƙarfi, wannan aikin doka ne. Saboda haka hanya biyu ce a buɗe. Ta farko, wadda za a iya farawa a kakar bana, ita ce ƙungiyar ci gaban gari mai rajista ta kira taro, jama'a su amince da abin da kowane gida zai bayar don ra'in kansa. Ta biyu ita ce jama'a su bi ta hannun kansilolinsu da 'yan majalisarsu na jiha, su nemi a yi dokar da za ta ce duk gundumar da ta yarda da ɗan ƙari a kan kuɗin gida, a ajiye mata shi a asusu na musamman, jiha kuma ta ɗora mata nata a kai kowace shekara. Jihar Katsina tana da gundumomi 361, kuma ko kaɗan daga cikinsu aka fara gwadawa da su za a ga sakamako.

GA LISSAFI

Dole a faɗi gaskiya, ba za a iya kwafo tsarin Amurka yadda yake ba. Can kowane gida an san darajarsa a rubuce, kuma harajinsa mai yawa ne, shi ya sa kashi 3 cikin 100 yake zama kuɗi mai kauri. A karkarar nan kuwa gidaje kaɗan ne aka taɓa ƙiyastawa.

A ɗauki misali kawai. A ce a wani gari akwai masu biya 2,000, kowa yana biyan N5,000 a shekara. Jimla N10,000,000 ke nan. Kashi 3 cikin 100 na wannan N300,000 ne, wanda ba zai kai ko'ina ba wajen katange maƙabarta.

To, a sake lissafin ta wata hanya. A ce gidajen nan 2,000 kowanne ya yarda zai ba da N2,000 sau ɗaya a shekara, lokacin kaka, ko kuma hatsi na daidai wannan kuɗi. An sami N4,000,000. Idan jiha ta ɗora Naira a kan Naira, ya zama N8,000,000. Idan kuma an sami shiri irin na kashi 10 cikin 100, wannan N4,000,000 za ta iya jawo aikin N40,000,000. In kuwa babu wanda ya taimaka da komai, N4,000,000 tana nan a hannun gari, ta isa a auna burtali a kafa masa duwatsun iyaka, a gyara famfunan da suka mutu, a sayi siminti a toshe kwalbati kafin ruwa ya sauka.

Adalci kuma shi ne kada a yi kuɗin goro. Mai gidan haya, mai sito, mai injin niƙa da mai jerin shaguna a bakin hanya ya kamata nasu ya ɗara na manomin da ke da ɗaki biyu. Matar da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, da tsoho marar mataimaki, da wanda aka koro daga ƙauyensa yake zaman gudun hijira, waɗannan a yafe masu gaba ɗaya, kuma a rubuta haka tun ranar farko.

TSORON HARAJI

Duk wanda ya ambaci haraji a wannan ƙasa ya san ya taɓo wani tsohon miki. A Katsina aka fara gwada baitulmali a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, kafin a yaɗa shi zuwa sauran masarautu daga 1911. A farkon tsarin, manyan masarautu suna riƙe rabin harajin da aka tara, rabi kuma ya tafi ga gwamnatin Turawa. Da kason En'e aka biya albashi, aka gina makarantu da ɗakunan shan magani. Amma talaka ba shi da ta cewa a kan nawa zai biya ko me za a yi da kuɗin, kuma tsofaffi suna tune da yadda wasu suke sayar da akuya ko su gudu cin rani saboda mai karɓar haraji. Shi ya sa da Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna a 1979, lokacin Katsina tana cikinta, talakawa suka yi murna ƙwarai.

A 'yan shekarun nan kuma an ga abin da ya fi wannan muni. Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa suna cikin ƙananan hukumomin da ɓarayin daji suka fi addaba. Ba a manta da daren 11 ga Disamba, 2020 ba, lokacin da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Ƙauyuka da dama sun biya 'yan bindiga kuɗi kafin a bar su su yi shuka ko girbi. Mutumin da ya sha wannan, idan ya ji an ce ya sake kawo kuɗi, yana da hujja in ya ɓata rai.

Amsar da za a ba shi ita ce, wancan kuɗi an karɓe shi ne da bakin bindiga, ya tafi daji bai dawo ba. Wannan kuwa shi da kansa zai yanke nawa ne, shi zai zaɓi masu riƙewa, kuma a ƙofar gidansa za a kashe shi. Bugu da ƙari, kowa ya san cinye burtali da toshe mashaya suna cikin abubuwan da suka fara ɓata tsakanin manomi da makiyayi. Kuɗin da aka kashe wajen tsare burtali, kuɗin zaman lafiya ne. Don haka ya wajaba makiyayan da ke zaune a ƙasar su ba da nasu, su kuma sami kujera a kwamiti. Inda kuwa mutane ba su koma gidajensu ba tukuna, maganar asusu sai ta jira, domin sai da rai ake gyaran gari.

SHARUƊƊA BIYAR

Abin da ya kashe asusun gari da yawa a baya shi ne rashin amana da rashin rubutu. Saboda haka duk garin da zai fara, ya riƙe waɗannan sharuɗɗa.

Na ɗaya, a yanke shawara a taron jama'a da rana tsaka, maza da mata, a rubuta abin da aka amince da shi, a kuma sa wa'adin da za a sake zama a duba ko za a ci gaba.

Na biyu, a buɗe asusu a banki da sunan gari, kada kuɗi ya kwana a aljihun kowa, kuma kada a fitar da ko kwabo sai mutum uku sun sa hannu.

Na uku, a rubuta ayyukan da kuɗin zai yi tun kafin a fara karɓa. Kuɗin maƙabarta da burtali ba na tarbar baƙi ba ne, ba na biki ba ne, ba kuma na siyasa ba ne.

Na huɗu, duk wanda ya biya a ba shi rasit mai lamba. Duk wata uku a karanta lissafi a gaban jama'a, a kuma lika shi a bakin kasuwa da ƙofar gidan dagaci.

Na biyar, kada a fara aikin da ya fi ƙarfin abin da ke cikin asusu don dogaro da alkawarin gwamnati. Abin da ya faru a Masacusets ya isa ishara. A ɗauki gudummawar jiha a matsayin ƙari, idan ta zo a faɗaɗa aiki, idan ta makara aiki ba zai tsaya ba.

KIRA GA ƊALIBAN YAƘI DA JAHILCI

A nan ne amfanin karatun manya yake fitowa fili. Rasit ba shi da amfani a hannun wanda ba zai iya karanta shi ba, haka kuma lissafin da aka lika a bango ado ne kawai idan mutum biyu ne suke gane shi a duk garin. Magidancin da ya iya haɗa lamba, da uwargidan da ta iya karanta sunanta da adadin da aka rubuta a gabansa, su ne masu gadin asusun na gaskiya. Ana kira ga malaman azuzuwa da su riƙa koyar da lissafi da irin waɗannan misalai, gidaje nawa, Naira nawa, an kashe nawa, saura nawa.

Ana kuma roƙon iyayen ƙasa da su sa a zagaya kafin kaka, a rubuta kayan kowane gari ɗaya bayan ɗaya da halin da suke ciki, a kawo takardar gaban taro. Daga wannan takarda ne jama'a za su san abin da ya fi gaggawa da kuma nawa zai ci. Garin da ya je sakatariyar ƙaramar hukuma riƙe da jerin ayyukansa da takardar banki mai nuna abin da ya tara, ba irin kallon da ake yi wa mai roƙo za a yi masa ba.

Allah ya ba da zaman lafiya a Daudawa da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da ƙasa baki ɗaya, ya ba da damina mai albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya.